Ina horar da mutane kan lafiya, ina kuma rubuta labari: in haɗa ko in raba?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, amma sai na ɗan yi shimfiɗa. Sana'ata horar da mutane kan kula da lafiyarsu ta yau da kullum: barci, motsa jiki, rage damuwa, da yadda mutum zai riƙe ɗabi'ar da ya ɗauka kada ta suɓuce masa. Ni ba likita ba ce, ba na rubuta magani. A gefe guda kuma ina rubuta gajerun labarai, tun kafin in shiga wannan aikin.

A ƙarshen kowane wata nakan jera abubuwan da suka fi burge ni a watan in tura wa mutanena. Na wannan watan su ne tattakin sassafe ba tare da waya ba, wani ɗan littafin rubutu mara layi, rubuta ayyukan gobe a takarda kafin in kwanta, sai wata tambaya da na yi ta yi wa masu zuwa wurina: "Wace rana ce a satin nan kika fi jin daɗin jikinki, kuma me ya faru ran nan?" Abin da ya ba ni mamaki, da na yi wa tauraruwar wani labarina da ya cije wannan tambayar, sai labarin ya warware.

Shi ne nake tunanin in haɗa su gaba ɗaya. Saƙon wata ya ƙunshi jerin abubuwan, da gajeren labari, da ɗan aikin rubutu da mutum zai yi don lafiyarsa. Wata ƙawata ta ce taura biyu ba ta taunuwa, masu karatu za su ce na koma wa'azi, waɗanda nake horarwa kuma su ce na mai da abin wasa. Me kuka gani?

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ƙawarki ta faɗa miki gaskiya. Da zarar marubuci ya san darasin da yake son koyarwa tun kafin ya ɗora alƙalami, labarin ya mutu a shafin farko. Za ki ƙirƙiro wata mata da ba ta barci, a tsakiya ta haɗu da wata mai hankali ta ba ta shawara, a ƙarshe ta yi barci. Mai karatu ya gane inda aka dosa tun daga sakin layi na biyu. Ki raba su Hajiya, kowanne ya ci gashin kansa.

Gimbiya22:
Ni dai jerin abubuwan watan ya burge ni. Littafin nan mara layi, rubutunki ba ya karkacewa? Nawa in babu layi sai ya gangara kamar zai fita daga takardar.

Ɗan_Bincike:
Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san cewa haɗa rubutu da lafiya ba Ummu_Hanan ce ta fara ba. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, tare da Sandra Beall, sun sa ɗaliban jami'a rubutu na minti 15 a rana, kwana huɗu a jere. Wasu aka ce su rubuta abubuwa marasa nauyi, kamar kwatanta ɗakinsu. Wasu aka ce su rubuta abin da ya fi ɓata musu rai a rayuwa, da abin da ya faru da kuma yadda suka ji. Cikin wata shida da suka biyo baya, waɗannan na biyun sun fi sauran ƙarancin zuwa asibitin makaranta. A 1999 kuma Joshua Smyth da abokan aikinsa suka gwada da masu asma da masu ciwon gaɓoɓi, minti 20 na kwana uku, bayan wata huɗu aka ga sauƙi a jikin da yawa daga cikinsu.

Abin da ya fi shafar tambayarki yana gaba. Da Pennebaker ya koma yana ƙirga kalmomin da mutanen suka yi amfani da su, sai ya ga waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda rubutunsu ya riƙa canzawa daga rana zuwa rana. A ranar farko abin a hargitse, zuwa ta ƙarshe kalmomin dalili da na fahimta sun ƙaru, irin su "saboda" da "na gane". Wanda ya maimaita kuka iri ɗaya kwana huɗu bai samu wani abin kirki ba. Wato amfanin yana cikin mayar da abin da ya faru ya zama labari mai farko da tsakiya. To wa ya fi marubuciya sanin yadda ake wannan?

Nas_Zulai:
Malam Ɗan_Bincike, ka kawo rabi ka bar rabi. A wannan binciken na 1986 ɗin, nan take bayan rubutun, waɗanda suka rubuta abin baƙin ciki jininsu ya ɗan hau kuma ransu ya ƙara ɓaci. Sauƙin daga baya ya zo. Sannan a 2006 Joanne Frattaroli ta tattara bincike 146 a kan wannan hanya, ta samu cewa amfanin na nan amma ɗan kaɗan ne. Ba magani ba ne.

Abin da ya sa nake ja a nan, a wurin aiki na ga yadda mutum yake in aka taɓo masa tsohon ciwo ba tare da an shirya ba. Mace ta yi shekaru ta danne wani abu, ki ce mata ta je gida ta rubuta, ta rubuta da tsakar dare ita kaɗai, abin ya taso mata, ke kina can kina barci. Wa zai riƙe ta? 'Yar uwa, in za ki ba da aikin rubutu, ki tsaya a kan barci, tafiya, ranar da aka ji daɗi. Kada ki shiga fyaɗe, rasuwar ɗa, duka a gidan aure. Wannan aikin masu ilimin ƙwaƙwalwa ne. Kuma duk wadda ta ce miki ta daina jin daɗin komai sati biyu ko fiye, ko tana tunanin cutar da kanta, ba labari za ki ba ta ba, asibiti za ki tura ta ran nan.

Ɗan_Bincike:
Na karɓi gyara a kan ƙanƙantar amfanin, Sista. Amma abu ne da ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci. Ƙaramin amfani a abin da minti 15 ne kawai ai ba abin yarwa ba ne.

Alƙalami_Zube:
Duk kun bar inda haɗarin yake. Ni ba jigo ba ne damuwata, amana ce.

Mutum ya zo wurinki ya biya, ya buɗe miki cikinsa: ba ya barci saboda bashi, ko kishiyarta ce ta hana ta sukuni, ko yana shan wani abu a ɓoye. Ke kuma marubuciya ce, kuma mu marubuta mun san halinmu. Kunnenmu ba ya hutawa. Ana ba mu labari muna jajantawa, can ƙasan zuciya wani abu yana cewa wannan zai yi kyau a babi na uku. Bayan wata biyu sai ga labari a saƙon wata, an canza suna an canza sana'a, amma maganar da matar ta faɗa tana kuka tana nan yadda ta faɗe ta. Ita za ta gane. Ƙawarta da ta kawo ta wurinki ma za ta gane. Ko da ba labarinta ba ne, muddin ta san kina rubutu kuma ga labarin wata mai irin matsalarta, zargi ya shiga. Daga ran nan za ta fara tace abin da take faɗa miki, aikin horarwar kuma ya lalace.

Malama_Rabi:
Wannan magana ta Alƙalami_Zube ita ce magana. Ƙungiyar masu horarwa ta duniya, ICF, wadda aka kafa a 1995, ta sa riƙe sirrin wanda ake horarwa cikin ƙa'idojinta. Likitoci ma in za su buga bayanin wani majiyyaci a mujallar ilimi, manyan mujallu sai sun ga izininsa a rubuce, don an san cire suna kawai ba ya ɓoye mutum. Akwai wata likita a Jami'ar Columbia, Rita Charon, da ta kafa shirin koya wa likitoci karatun adabi da rubutu a 2000, don su iya sauraron labarin majiyyaci. Ka ga haɗin yana yiwuwa har a asibiti. Sai dai can manufar ita ce likita ya ƙara fahimtar wanda ke gabansa, ba ya samu abin bugawa ba.

Matsalar wannan sana'a ta horarwa, a ƙasashe da yawa babu dokar da ta hana kowa kiran kansa mai horarwa. A Amurka sai 2017 aka fara jarrabawar ƙasa ta masu horarwa kan lafiya, ita ma ba dole ba ce. To in babu hukumar da za ta kama ki, tsoron Allah da mutuncinki ne kaɗai shinge.

Shamsu_K:
Ku yi haƙuri in fito fili. Wannan abu na "abubuwan da suka fi burge ni a wata" ai talla ce aka yi mata kwalliya. Duk wanda na gani yana yi, wata na farko littafi ne da tattaki, wata na shida sai ga man shafawa, ga ƙwayar ƙarin kuzari, ga "latsa nan ka saya". Kamasho ake ci. Kuma in mai horarwa kan lafiya ce ta ce abu ya burge ta, mutane ba sa jin "ya burge ni", "ku sha" suke ji.

Anti_Kubura:
Haba Shamsu, daga ganin sarkin fawa sai miya ta yi zaƙi? Baiwar Allah ta lissafa tattaki da takarda, wane kamasho ake ci a tattaki?

Shamsu_K:
Anti ban ce ta yi ba, na ce nan hanyar take zuwa. A Amurka ma hukumar kula da kasuwanci, FTC, sai da ta wajabta wa masu irin wannan jeri su bayyana in an biya su ko an ba su kayan kyauta. Ba don abin ya yi yawa aka yi doka ba?

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai, ina bin kowace magana. Malam Shamsu, ba na karɓar ko sisi a kan jerin, kuma ba na sa wani abin sha ko na haɗiya a ciki, saboda dalilin da ka faɗa ɗin. Sista Zulai, na ji, kuma iyakar da kika shata ita nake bi. Abin da nake sa su rubuta shi ne ranarsu, amma kamar wata ce daban: "Ta tashi, ta duba waya kafin ta sauko daga gado..." haka. Maganar Alƙalami_Zube ce ta tsaya mini a rai. Ban taɓa ɗaukar labarin wani ba, amma ban taɓa tunanin cewa zargin kaɗai ya isa ba.

Gimbiya, rubutun yana karkacewa mana, shi ya sa nake son sa. Babu wanda zai duba.

Maryama_S:
Bari in yi magana a matsayin wadda aka taɓa horarwa, don na ga duk masu rubutu da masu bincike ne ke magana. Na yi fama da rashin barci bayan haihuwa ta biyu, har yaron ya fara kwana ni ban fara ba. Wadda ta horar da ni ta sa ni irin wannan aikin, in rubuta darena kamar labarin wata. Da farko na ga shirme ne. Amma da na rubuta "ta kwanta, sai ta tuna ba ta amsa saƙon yayarta ba, ta ɗauko waya", sai na ji tausayin matar. Da "ni" nake rubutawa, da zagin kaina zan yi, in ce ba ni da tsari, raguwa ce ni. Da ta zama "ita", sai na ga mace ce da ta gaji kuma kowa yana jan ta. Abin da na kasa gani ke nan da kaina.

Amma gaskiyar Alƙalami_Zube, da na ga wani abu mai kama da wannan a labarin da ta buga, wallahi ba zan koma ba.

Ɗan_Bincike:
Abin da Maryama_S ta faɗa an gwada shi. Ethan Kross na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa sun buga a 2014 cewa mutanen da aka sa su yi wa kansu magana da sunansu, maimakon "ni", kafin su yi jawabi a gaban mutane, sun fi natsuwa kuma ba su yi ta cin kansu da zargi bayan jawabin ba. Rubuta ayyukan gobe da ke cikin jerin Ummu_Hanan ma haka. A Jami'ar Baylor, 2018, mutum 57, minti biyar na rubutu kafin kwanciya. Waɗanda suka rubuta abin da za su yi sun fi waɗanda suka rubuta abin da suka gama yi saurin yin barci da kusan minti tara.

Baban_Sadiq:
To ai duk wannan ba adabi ba ne. Maryama ta rubuta wa kanta, ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Amma wannan takarda ba don ni aka rubuta ta ba, kuma in aka ba ni ba zan ji daɗin karantawa ba. Rubutun neman sauƙi daban, rubutun da ake yi don mai karatu daban. Na farko ba ya buƙatar gyara. Na biyu gyara ne rabinsa: ka yanke abin da ka fi so, ka ƙara wa tauraro mugun hali don labarin ya tsaya da ƙafarsa, ka bar shi ya faɗi in faɗuwar ce gaskiya. Mai horarwa tana son mutum ya tashi. Marubuci wani lokaci dole ya bar shi a ƙasa.

Mai_Waƙa:
Baban Sadiq, a nan zan saɓa maka, duk da na yarda da rabin maganarka. Kana ɗauka mai horarwa mai wa'azi ce. Wadda ta iya aikin ba ta wa'azi. Hanyar da mafi yawansu ke koya ta samo asali ne daga William Miller, wanda ya fara bayyana ta a 1983 yana aiki da masu fama da shan giya, daga baya suka faɗaɗa ta shi da Stephen Rollnick. Babban abin da suke gargaɗi a kai shi ne wannan ƙaiƙayin da ke kama mai taimako na son gyara mutum nan take. Ka ce wa mutum ya daina abu, sai ya fara kawo maka hujjar ci gaba, yana jin hujjar daga bakinsa, yana ƙara yarda da ita. Don haka sai su ce ka yi tambaya, ka yi shiru, ka maimaita masa abin da ka ji, har dalilin canji ya fito daga bakinsa.

Yanzu ka duba marubucin da ka kwatanta a sama, wanda ya kawo mace mai hankali ta ba da shawara a tsakiyar labari. Ciwonsa ɗaya da mai horarwar da ba ta iya ba. Dukansu sun kasa haƙuri su bar mutum ya yi magana. Shi ya sa tambayar Ummu_Hanan ta yi aiki a kan mutum ta kuma yi aiki a kan tauraruwar labari. Ni a ganina sana'o'in biyu sun riga sun haɗu a kunnenta. Ko za su haɗu a saƙo ɗaya, wannan wata magana ce.

Anti_Kubura:
Mai_Waƙa Allah ya ƙara basira. Ni abin da zan ƙara, 'yata, ki daure ki gwada na kwana 21, ai an ce duk abin da aka yi kwana 21 ya zama jiki.

Malama_Rabi:
Anti, wannan kwana 21 ɗin ba shi da tushe mai ƙarfi. Daga wani likitan tiyatar gyaran kama ya fito, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa majiyyatansa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Mutane suka yar da "aƙalla" suka riƙe lambar. Da Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan suka bi mutum 96 na sati 12, sun samu cewa kafin sabuwar ɗabi'a ta zama jiki, tsaka-tsakin kwana 66 ne, wani 18, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Abin da ya fi daɗi a binciken, tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Ina faɗa ne don masu cewa sun karya, sai su watsar gaba ɗaya.

Anti_Kubura:
To Malama, mun ƙaru. Ashe shi ya sa nawa motsa jikin bai taɓa zama jiki ba, ina kai 21 nake sallamar kaina.

Habu_Injiniya:
Ni jerin watan ne ya shigo da ni. Na daɗe ina yi wa kaina, ba na tura wa kowa. Abin da na lura, in na zauna ranar 30 ga wata in tuna, abubuwan satin ƙarshe ne kawai ke zuwa, sai kuma abu ɗaya da ya girgiza ni. Sati biyun farko kamar ba a yi su ba. Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun nuna wannan a 1993: mutum ya sa hannu a ruwan sanyi mai digiri 14 na daƙiƙa 60, a wani karon kuma daƙiƙa 60 ɗin da ƙarin 30 ana ɗan ɗumama ruwan zuwa 15. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, mafi yawa suka zaɓi mai tsawon, don ƙarshensa ya fi sauƙi. Ƙwaƙwalwa ƙololuwa da ƙarshe take riƙewa. Shi ya sa yanzu nake rubuta layi ɗaya duk Juma'a, ƙarshen wata in tattara. Sau da yawa abin da ke cin na ɗaya ƙaramin abu ne da na manta da shi sam.

Nawa na wannan watan, tunda ana yi: na mayar da cajar waya falo, da wata hira da na yi da mahaifina a kan aikinsa na farko, wadda ban taɓa tambayarsa ba.

Gimbiya22:
Me ya sa ba kullum ba, Yaya Habu? Ni an ce mini kullum dare in rubuta abu uku da na gode wa Allah a kansu.

Habu_Injiniya:
Na gwada kullum, sai ya koma kamar cike fom. Abu ɗaya nake maimaitawa.

Ɗan_Bincike:
Ba kai kaɗai ba ne. Robert Emmons da Michael McCullough a 2003 sati-sati suka sa mutane rubuta abu biyar, kusan sati goma, aka ga sun fi jin daɗin rayuwarsu. Sonja Lyubomirsky kuma ta kwatanta masu yi sau ɗaya a sati da masu yi sau uku, na tsawon sati shida, masu sau ɗaya ne suka amfana. Amma Gimbiya in naki na kullum yana miki aiki kada ki fasa, matsakaicin mutane ake aunawa, ba ke ba.

Nas_Zulai:
Tunda an koma kan jerin, tattakin nan shi ne abin da na fi so a ciki, don shi ne wanda ba na shakka a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 a sati ta ce ga baligi, na motsi matsakaici. Tafiya da ɗan sauri ta shiga ciki.

Mai_Waƙa:
Kuma ga marubuci riba biyu ce. A Stanford, 2014, Marily Oppezzo da Daniel Schwartz sun samu cewa masu tafiya na fito da sababbin dabaru da kusan kashi 60 cikin ɗari fiye da na zaune, ko da a kan injin tafiya ne suna kallon bango. Sai dai a tambayar da ke da amsa ɗaya tak, tafiyar ba ta taimaka ba. Ni haka nake gani a waƙa: baiti a hanya yake zuwa, amma daidaita amsa-amo sai na zauna.

Alƙalami_Zube:
Mun yi nisa, bari in dawo da mu. Hajiya Ummu_Hanan, ga abin da zan iya yarda da shi. Jerin wata da aikin rubutu su tafi tare ga waɗanda kike horarwa. Labaranki su fita ta wata ƙofar, kuma kada su taɓa matsalar da wani da ke hannunki yake ciki a lokacin. Ki kuma faɗa wa duk mai zuwa tun ranar farko cewa ke marubuciya ce, kuma abin da ya faɗa ba zai shiga takarda ba. Ki rubuta, ku sa hannu.

Maryama_S:
Sa hannun yana da kyau, amma ni da za a ba ni labari a saƙon wata zan so. Ba na rashin barci ba, wannan ya ishe ni. Labarin wani abu can daban, mai daɗi, da zan karanta in manta da kaina na minti goma. Shi ma ai kula da lafiya ne.

Baban_Sadiq:
In dai labarin ba shi da alaƙa da darasin watan, to ba haɗawa aka yi ba, an dai sa su a ambulan ɗaya. Wannan ban ƙi ba. Amma ina nan a kan bakana, wata uku za a yi labarin ya fara karkata wajen darasi, ko ta so ko ba ta so ba, don ta san su wa ke karantawa.

Shamsu_K:
Ni kuma na ba shi wata shida kafin man shafawa ya shigo.

Anti_Kubura:
Kai Shamsu Allah ya shirye ka.

Ummu_Hanan:
Malam Shamsu zan turo maka na wata shidan da kaina ka duba. Takardar sa hannu zan yi ta, wannan na ɗauka. Maganar labarin ce ban gama yanke shawara ba, don abin da Maryama ta faɗa da abin da Baban Sadiq ya faɗa duk ina jin su. Wanda ke hannuna yanzu a kan wani tsohon direba ne da idonsa ya fara rauni yana ɓoye wa 'ya'yansa, kuma babu wanda ya warke a ƙarshensa. Sista Zulai, irin wannan zai yi wa mai fama da damuwa nauyi, ko babu laifi?

Nas_Zulai:
Ya danganta da wa zai karanta. Akwai wanda iyayensa ke cikin irin wannan halin yanzu haka. Ki sa layi ɗaya a sama da ke faɗin abin da labarin ya ƙunsa, wanda ba ya so ya tsallake. Turo mini ta akwatin sirri in duba in na sauka daga aiki.

Baban_Sadiq:
Ni ma a turo mini. Direban ya san 'ya'yan sun gane, ko bai sani ba?